Silin Gashi a Kwanon Shinkafa

Litinin, 22 ga Yuli, da hantsi. Gida, Muan.

Wannan littafin na ɗana Yong-tae ne, na darasin tarihi. Shafi uku ya rubuta ya bar sauran fari, abin da ya tabbatar mini ba a musanya mini shi a asibiti ba. Ni Pan-sik mai albasa, da na tsaya a aji huɗu, ni zan ƙarasa masa. Wanda ya tsinci kuskure ya riƙe, kyauta ne.

Yau kwana talatin da biyu da kifewar jirgin da yake aiki a ciki. Su biyar ne a jirgin kamun kifin. Teku ta dawo da huɗu.

Mamansa, Sun-rye, ta ce tun da ba a sami jikin ba dole a ciro ran kafin kwana arba'in da tara, in ba haka ba zai tabbata a cikin ruwa yana jin sanyi. Na ce yaron da ke kunna fanka ana zubar ƙanƙara, wane sanyi zai ji? Ba ta yi dariya ba. Kwana talatin da biyu ke nan ba ta yi ba, ni kuwa in aka cire albasa ba ni da wata sana'a sai ba da dariya.

Mun riga mun gwada sau ɗaya, makon jiya a bayan Mokpo. Kaka Ok-bun ce ta yi aikin, tsohuwar ƙauyensu Sun-rye da ta yi gadon ciro ran waɗanda ruwa ya ci. An cika kwanonsa na tagulla da ɗanyar shinkafa, an rufe, an ɗaure da dogon alawayyo, an jefa. Sun-rye ta riƙe bakin ƙyallen ta bi shi cikin ruwa har gwiwa. In an jawo an buɗe aka ga silin gashi, to ran ya shigo, sai a kai shi gida a binne. Muka buɗe. Jiƙaƙƙiyar shinkafa.

Kaka ta ce ruwa ya ja shi gabas, sai mu bi wuraren da kayan jirgin suka fito. Wuri uku ne. Na loda ragar albasa arba'in a akori-kurata don kada mu tafi hannu rabbana. Da za mu fita na ga Sun-rye ta tsaya gaban hularsa da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa, sai na fita na ba ta wuri.

Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce ina zuwa. Na ce hutun bazara, bakin teku, kamar mutanen Seoul.

Talata, 23 ga Yuli, da la'asar. Hanyar Haenam.

Mu uku a gaban mota. Ni, Kaka a tsakiya, Sun-rye a bakin taga da ƙunshin riga da wandonsa a cinya. Kaka shekararta saba'in da tara, kai fari fat kamar ɓararriyar tafarnuwa. Ba ta da haƙoran gaba amma tun safe take gaigayar masara da gefen baki.

"Mai albasa, haka kake tuƙi ko ni kake tausaya wa?"

"Kaka, motar ce ta girme ki."

"To na fi ta kunya. Ni ba na irin wannan tusar in zan hau tudu."

Na yi dariya har na kusa afka wa gonar dankali. Na saci kallon taga. Sun-rye teku take kallo.

Kaka ta ɗaga masarar ta ce gashinta ya tuna mata kan Yong-tae. Gaskiya ne. A watan huɗu ya je ya rine bakin gashinsa ya koma ruwan gashin masara, ƙasan baƙi. Wata biyu ina kiransa Masara. Ina cewa a kai shi gona a dasa.

Gwiwar Kaka tana yawan kai wa maɓallin kaset. Na manna filasta a kai tun kwana na biyu da kifewar jirgin. Shekara uku da suka wuce muryata ta dishe, shi ya ɗaukar mini tallan da lasifika ke yi. "Albasa ta iso, albasar Muan ta iso, mai zaƙi, mai sa uwar miji kuka." A tsakiya ana jin ya fashe da dariya yana cewa, "Baba, ka bari mana, ina ɗauka." Gwalo nake masa a lokacin. Ba mu sake ɗauka ba, haka muka bar shi, mata ma sun fi son wurin.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan azahar. Ƙauye a ƙarshen Haenam.

Wani dattijo mai noman ganyen ruwa ne ya tsinci akwatin kifi mai sunan jirgin. Mun same shi ya shanya barkono a ciki. Da ya ji ko su wane ne mu sai ya juye barkonon a ƙasa ya yi ta rusuna mana. Na ce ya bar shi, akwati ba shi da laifi, gara barkono da ƙura. 

A bayan dutsen akwai yashin 'yan hutu. Laimomi kala-kala, kiɗa, yara da tayoyin roba a ƙugu. Mu muna wannan gefen da tabarma da kwano. Kaka ta yi ta rera kiransa tana buga ƙaramin farantin ƙarfe har muryarta ta soma karyewa, iska kuma tana kawo mana kiɗan can gefen gutsure-gutsure.

Sun-rye ta bi ƙyallen. Gwiwa. Ta wuce. Ƙugu.

"Maman Yong-tae, nan ma ya isa."

Ba ta waiwayo ba.

Muka jawo, muka buɗe. Shinkafa.

Shekara ashirin da uku tana kirana Baban Yong-tae. Yanzu in tana son wani abu sai ta nuna da haɓa, in ya matsa ta ce "kai". Yau cokali uku ta ci. Na ƙirga ne kawai don ba ni da abin yi.

Juma'a, 26 ga Yuli, da safe.

Hazo ya rufe tsibiran. Na ga wani a kan matsayar jirage da irin tsayuwarsa, na ƙarasa, tulin raga ne.

Asabar, 27 ga Yuli, da rana.

Mun tsaya cin abinci a wata rumfa kusa da gadar Wando. Gasasshen kifi, kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji, da miyar ganyen ruwa. A teburin da ke kusa da mu wani mutumin Seoul ne da iyalinsa, tabarau a saman kai, fatarsa ta yi ja kamar dafaffiyar ƙaguwa. Ya cinye saman kifinsa, ya sa tsinken cin abinci zai juya shi. Inna mai abinci ta zo ta bayansa ta ɗora masa ludayi a hannu.

"Kawu, a Seoul ake wannan. Nan mijina yana kan ruwa."

"Inna, har yanzu kuna yarda wai in an juya kifi jirgi zai kife?"

"Wa ya ce na yarda? Ɗaga ƙayar ka ci na ƙasa kamar mai hankali. In ba ka iya ba in kira jikata ta koya maka."

Matarsa ta yi dariya, shi ma ya yi. Kowa ya yi.

Sun-rye ta ajiye tsinkenta a gefen kwano, a hankali, ta daidaita su. Ba ta dube ni ba. Da ma ta duba.

Na fita na duba tayoyin mota. Duk huɗun. Sau biyu. Lafiyarsu lau.

Litinin, 29 ga Yuli, da yamma. Wando.

Kaka ta ce ruwan bai yi daidai ba sai Laraba. Mun kama ɗaki a masauki a bayan kasuwar kifi. Albasa ta soma tsami a ƙarƙashin tamfol, don haka na fita talla da bakina. Tun safe har rana ta take raga biyu na sayar.

Wata mata ta ce, "Kawu, lasifikarka ta mutu ne?"

Na ce tana hutun bazara.

"To kai ma ka bi ta, muryarka kamar ana jan buhu a kan tsakuwa."

Ban san lokacin da na ɓare filastar ba. Ƙarya nake, na sani. Na daɗe ina sosa gefenta da farce.

Muryar ta cika tashar, ta bugi bangon gidan ƙanƙara ta dawo. Mata suka fara fitowa daga lunguna da kwanduna. Ina cikin miƙa raga na hango Sun-rye. Ta taho a guje daga masauki, ba takalmi, rabin kanta da kumfar sabulu. Shekara hamsin da biyu, ban taɓa ganin ta yi gudu haka ba. Ta iso bakin motar ta tsaya tana haki, tana duba gaba, tana duba baya. Sannan ta ɗaga kai ta ga lasifikar.

Ta tsaya har ya zo wurin "Baba, ka bari mana." Ta saurara. Ta juya ta koma tana taka kwalta mai zafi kamar ba ta ji.

Wata mai saye ta ce, "Matarka ce? Lafiya dai?"

Na ce albasa ce ba ta so.

Na sayar da raga goma sha tara. Na mayar da filastar, ta ƙi mannuwa, na sayi sabuwa.

Laraba, 31 ga Yuli, da la'asar.

Yau rubutun zai fi na kullum muni.

A wani lungun duwatsu ne, inda ƙwallayen ragar jirgin suka fito. Kaka ta jefa. Sun-rye ta bi. Gwiwa, ƙugu, ƙirji. Igiyar ruwa ta zo ta rufe kanta, ta ɗago, ta ƙara taku ɗaya.

Ni mutumin gona ne. Ruwan da ya fi zurfi da na taɓa shiga shi ne na gidan wanka. Na afka da takalmana da hulata, na kamo wuyan rigarta. Ta juyo, fuskarta ba irin ta wadda ta san ni ba.

"Yana ja. Na ji yana ja. Ka sake ni."

Maganar da ta fi tsawo ke nan da ta yi mini tun ranar.

Daga bakin ruwa Kaka ta ce, "Ruwa ne ke ja, 'yar nan. Na san bambancin. Fito."

Yadda muka fito ban sani ba. Na sha teku kamar kofi biyu, ba na ba kowa shawarar ya gwada, gishiri ya yi yawa. Kaka ta buɗe kwanon. Ta juya shinkafar da yatsa a kan farar takarda, ta sake juyawa. Ta rufe.

Gwiwa, ƙugu, ƙirji. Ko ni da na tsaya a aji huɗu na san abin da ke bin ƙirji.

Alhamis, 1 ga Agusta, da safe.

Sun-rye ta wanke alawayyon ta shanya a igiyar masauki. Tsawonsa ya zagaye tsakar gidan sau biyu. Ba ta karya kumallo ba.

Juma'a, 2 ga Agusta.

Hanya. Gyare yana ta kuka a itatuwa. Ba abin rubutawa.

Asabar, 3 ga Agusta, da yamma. Goheung.

Wuri na ƙarshe. A ofishin 'yan sandan ƙauyen suka fito mana da shi a cikin leda. Takalmin roba ne, ƙafar hagu. A ciki an rubuta sunansa da farin fenti, rubutun Sun-rye, don kada ya cuɗe da na abokan aikinsa. Ɗan sandan ya ce wata mai haƙar kumba ce ta tsince shi a taɓo.

Na ce to saura ɗayan, ko su ba mu lamba mu dawo.

Ɗan sandan ya sunkuyar da kai. Kaka ta ce, "Mai albasa, je ka jira mu a mota."

Akwai yashi a ciki. Sun-rye ba ta zubar ba. Ta ɗora shi a kan ƙunshin kayan ta riƙe shi tsaye kamar mai riƙe da miya.

Kaka ta ce ranar Alhamis za a yi, ranar arba'in da tara cif. Ta ce ba ta son a ɓata sauran ƙarfin a kan ranakun banza.

Lahadi, 4 ga Agusta, da sassafe, a cikin mota.

Bari in rubuta, tun da littafi ba ya ajiye tsinke.

Ranar da za su tashi mun raka shi Mokpo. Kyaftin Bang ya kai mu cin abinci tare da sauran mutanen jirgin. An kawo babban kifi. An sha kaɗan. Ina ta ba su labari suna dariya, kyaftin har yana share hawaye, ni kuwa in aka yi mini dariya ba ni da birki.

Na san al'adar. Ba zan ce ban sani ba. Surukina masunci ne, shekara ashirin ina ɗaga ƙaya a gidansa.

Na ce bari mu ga ko teku tana tsoron tsinken mai albasa, na juya kifin.

Ya faɗa a kan ɗaya gefen, ɗan mai ya fantsama. Kyaftin ya ajiye cokalinsa. Yong-tae ya miƙe, kunnuwansa sun yi ja a ƙarƙashin wannan gashin nasa, ya rusuna wa kyaftin ya ba shi haƙuri a madadina. Ɗana ya ba da haƙuri a madadina. A bakin ƙofa ya ce, "Baba, ba komai ake wasa da shi ba."

Na ce, "To, Masara, a dawo lafiya."

Iska ce. Rediyo ya faɗa, jarida ta faɗa, iska ce ta taso ba zato. Na san kifi gasasshe ba ya kiran iska. Na sani sarai.

Rana ta fito. Zan je in samo musu madarar waken suya.

Talata, 6 ga Agusta, bayan azahar.

Sun-rye ta kwanta. Na sami Kaka a ƙarƙashin babbar bishiyar ƙauyen tana fifita da murfin kwali. Na kai mata kankana.

"Kankana daga hannun mai albasa. Me kake so?"

"Kaka, tsakanina da ke. Gashin nan, ba ya taɓa samun taimako?"

"Taimakon wa?"

"Na hannu."

Ta tofar da 'ya'yan kankana ɗaya bayan ɗaya kafin ta amsa.

"Shekara hamsin da ɗaya ina wannan aikin. Uwata ta yi, uwar mijina ta yi. Ka ɗauka kullum yake fitowa? Akwai waɗanda na mayar gida da kwano ba komai."

"Suka yi yaya?"

"Wasu sun rayu."

Na ce ba wasu nake tambaya ba.

"Dubi kaina, mai albasa. Ko ina so, da wane gashin zan yi? Kana son a ce ɗanka ya tsufa a cikin kwana arba'in da tara?"

"In ta sake shiga ba za ta fito ba."

"Na sani. Na ce mata ta tsaya a bakin ruwa, ta ce to. Kai ka fi ni sanin to ɗin matarka."

Ta miƙo mini ɓawon ta ce in jefar. Ta ce kankanar ba ta nuna ba, an cuce ni.

Laraba, 7 ga Agusta, da la'asar.

Na dubi kaina a madubin mota. Tun ina ɗan arba'in da biyar furfura ta cinye ni. Duk farkon wata Sun-rye takan zaunar da ni a dandamalin ƙofar ɗaki, ta yafa mini leda, ta shafa mini baƙi da tsohon buroshin haƙori, tana zagina ina motsi. Wata biyu ke nan ba a yi ba. Ƙasan ya fito fari kamar faɗin yatsa biyu, saman baƙi wuluk. Na yi kama da tsuntsun da ba a gama yanke shawara a kansa ba.

Na tsige ɗaya daga ƙeya. Na yanke farin da almakashin yanka raga. Abin da ya rage baƙi ne, tsawon gaɓar yatsa biyu. Ƙasan gashinsa ma ai baƙi ne. Na naɗe shi a takardar alewa na sa a aljihun riga.

Duk rayuwata ban taɓa yi wa matar nan ƙaryar da ta wuce ta yawan kofunan da na sha ba. In wannan laifi ne, a haɗa da wancan a yi mini kuɗin goro.

Alhamis, 8 ga Agusta, da hantsi.

Sun-rye ta cika kwanon ta ajiye a gaban mota ta koma ɗauko alawayyo. Na ɗaga murfin, na tura shi cikin shinkafar da ɗan yatsa, na rufe. Bai kai numfashi uku ba.

Kaka ta aike ni kanti sayo giyar shinkafa da za a zuba wa mamacin. Da na dawo an riga an ɗaure.

Alhamis ɗin dai, da yamma.

Ba kowa a wurin sai mu da matar da ta tsinci takalmin, ta zo ta tsaya daga nesa da hannuwa a haɗe. Ruwa ya cika ya rufe taɓon. Ba iska.

Na kwance igiyar ɗaure kaya daga mota, na ɗaura baki ɗaya a ƙuguna, na je da ɗayan wurin Sun-rye. Na ce tun da hutu muka zo gara mu yi wanka tare. Ta dubi igiyar. Ta ɗaga hannuwa ta bar ni na ɗaura.

Kaka ta kira shi. Yau ba ta ɗaga murya ba, kamar mai tashin yaro daga barci. Ta ce masa ga mamanka, ga babanka mai surutu, ga kwanonka, sanyi ya isa haka, a zo a tafi gida. Ta jefa.

Gwiwa. Na bi ta. Ƙugu. Na kafa ƙafafuna a cikin taɓo na naɗe igiyar a hannu.

Ta tsaya. Mun daɗe a haka, ruwa yana lasar mana ciki. Sannan ta ce, ba da ni take ba, "Ya shigo." Ta juya da kanta.

Kaka ta kwance ƙullin, ta zazzage shinkafar a kan farar takarda. Na riga na shirya fuskar mamaki tun jiya, na gwada ta a madubi. Ta juya da yatsa sau ɗaya, sau biyu. Ta ɗago shi a kan farcenta ta nuna wa rana.

Ya fi nawa tsawo. Ƙasansa baƙi. Bakinsa ruwan gashin masara.

Fuskar da na shirya ba ta yi amfani ba. Na zauna daɓas a kan tsakuwa da igiya a ƙugu. Na ji wani yana wani irin kuka kamar jaki, na ɗauka daga ƙauye ne. Sun-rye ce ta dafa bayana.

Kaka ta naɗe shi a takarda ta sa a cikin rigarsa. Ta yayyafa wa ƙunshin ruwa sau uku, ta share da ɗan tsintsiya, ta ce ya wanku. Za mu binne shi kusa da kakansa a tudun da ke saman gonarmu.

Na tona shinkafar da aka zubar bayan sun tafi mota. Nawa ba ya ciki.

Juma'a, 9 ga Agusta, da rana. Hanyar gida.

Mun tsaya a wata rumfa a Beolgyo. Sun-rye ce ta yi oda, gasasshen kifi. Ta cinye kwanon shinkafa, ta ce a ƙaro. Ni da Kaka muka yi kamar ba mu gani ba.

"Baban Yong-tae."

Sai da na waiga in ga ko da wani take.

"Shekara goma sha ɗaya ina shafa wa kan nan baƙi. Ka ɗauka ba zan gane shi a cikin shinkafa ba?"

Na kai hannu na rufe ƙeyata. Wannan ma a rubuta a tarihi.

"Na cire tun kana kanti. Yana aljihuna, in kana so a mayar maka."

Na ce ta bar shi, wurin ya riga ya saba da rashinsa.

Ta yi wani ɗan huci ta hanci. Ba dariya ba ce sosai, amma ni da na shekara ina auna dariyar matar nan na san ƙanwarta ce.

Na ce, "To wancan fa?"

Kaka ta duƙufa a kan kan kifi tana tsotsa kamar an biya ta. Sun-rye ta sa tsinke ta kama ƙayar daga wutsiya, ta ɗaga ta gaba ɗaya ta ajiye a gefe. Ta turo mini farantin.

"Ci na ƙasan. Ya fi daɗi."

Na ci.

Tun daga nan har gida ina tuƙi ina haɗa abin a kaina. Hular ce. Ta ɗauko hularsa ranar da muka fito, tana cikin jakarta, hular da ya yi wata biyu yana sawa ba ta rasa gashi. Ta ga na kusa nutsewa a Wando, ta ga wautar da na yi jiya, ta ce bari ta hutar da tsohon nan. Shi ke nan. Ni na yi don ta, ita ta yi don ni, ita ta fi iyawa kamar kullum. Na ji daɗin wannan lissafin har na wuce mota biyu a tudu. Kaka ta ce ashe motar ma ta ci abinci.

Asabar, 10 ga Agusta, da safe. Gida.

Jiya da muka iso na tsaya sauke ragowar albasa, ita ta shiga da ƙunshin. Yau da na tashi na tura ƙofa zan fita.

Hular tana nan a ƙusa. Gizo-gizo ya yi saƙa daga bakinta zuwa bango, ƙura ta kwanta a kai.

Tana iya yiwuwa ta zare sili ɗaya ta tafi da shi a aljihu tun ranar. To da gashi a aljihu mutum zai shiga ruwa har ya rufe kansa? Ban sani ba. Aji huɗu bai kai nan ba.

Ban taɓa hular ba. Ba zan tambaye ta ba.

Gobe za mu hau tudu. Kaka ta ce a tafi da takalmin ma, a bar yashin a ciki.

Ga ta can a dandamali tana kira. Ta shimfiɗa leda, ta dama baƙin a murfin gwangwani, buroshin yana hannunta. Wai ba zan je gaban ɗana da kai kala biyu ba, zai ce na kwaikwaye shi.

Saura shafi shida a littafin. Na bar masa su fari.